Jitata Tana Kwana a Shagon Tela, Baba Bai Sani Ba

Kawu, assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 22, ina aji uku a wata babbar makaranta, daga gida nake zuwa karatu. Wata takwas ke nan da na sayi jita ta hannu, irin ta akwati mai tsirkiyar ƙarfe, da kuɗin da na tara a gyaran waya. Ban yi wata guda da ita ba Baba ya gan ta a ƙarƙashin gado. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi tun kakanni ba a taɓa yin maroƙi a gidanmu ba, kada ya sake ganinta. Na ce to, na kai ta shagon wani abokina tela. Can nake zuwa duk Asabar in yi awa uku ina koyo a YouTube har yatsuna su yi bororo. Umma ta sani, ita ke rufa mini asiri in ya tambayi inda na tafi.

Har yau ban iya kama kod ɗin F ba (kod shi ne tsirkiyoyin da ake dannawa tare su ba da sauti ɗaya haɗaɗɗe), kuma in zan sauya daga wannan kod zuwa wancan sai na tsaya. Wani ɗan ajinmu mai ƙungiyar kiɗa ya ce laifin jitar ne, in sayi mai lantarki, har ya sa sunana cikin masu wasa a liyafar sashenmu nan da mako shida. Kuɗin makarantar zango mai zuwa suna hannuna, ina tunanin in taɓa su in mayar kafin lokacin biya. Kawu, in saya? In hau dandamalin? Ko dai baiwar ce ba ni da ita, in haƙura? Wallahi sai na riƙe ta nake jin hankalina ya kwanta.

Ɗanka, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma layinka na ƙarshe ne ya fi tsaya mini a rai. Wanda ya yi wata takwas yana zarya shagon tela duk Asabar, yatsu na bororo bai fasa ba, ai ba sai an tambaye shi ko yana son abu ba. Maganar baiwa kuwa mu ajiye ta tukuna, don yadda kake koyon nan ba a ma kai ga gwada ta ba.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kuɗin makarantar nan kada ka taɓa ko kobo. In an buɗe biya, ka biya gobe. In ba a buɗe ba, ka damƙa wa Umma ta ajiye maka, don kuɗi a aljihun mai sha'awar abu ba sa kwana lafiya. Duk wanda ya taɓa irin waɗannan kuɗi da niyyar mayarwa ya taɓa su, kuma ka san ƙarshen yawancinsu. Yanzu abin da ke tsakaninka da Baba saɓanin ra'ayi ne, kai kana so, shi ba ya so. Ran da ya gano kuɗin karatu sun koma jita, an bar maganar ra'ayi an shiga ta cin amana, kuma da hannunka ka ba shi hujjar da babu mai iya rushe ta. Zai ce ga irin abin da kiɗa ke haifarwa, kuma ni kaina ba zan iya ƙaryata shi ba.

To, yatsun naka. Ɗan ajinku ya faɗi rabin gaskiya da ya ce a duba jitar. Asabar mai zuwa ka tafi shagon da katunan ATM, ko irin katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, guda biyar. Kaurin kowane ɗaya bai kai milimita guda ba, kusan 0.76 ne. Ka ƙirga ƙarafunan da aka gicciya a wuyan jitar har na 12, ka tura katunan tsakanin wannan ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Uku su shiga, na huɗu ya matse, to jitarka lafiya lau take. In biyar suka wuce salin-alin, ba hannunka ne da laifi ba. Ni ma haka ta faru da ni. Jitar da na fara taɓawa a kwaleji ta aro ce, tsirkiyarta ta yi sama kamar igiyar shanya, na yi zango guda ina zagin yatsuna. Sai da wani tsohon ɗan bandin 'yan sanda ya karɓe ta, ya ɗaga ta ya saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba bindiga, ya ce, "Yaro, wannan ko ni ba zan kama F a kanta ba." Ya sassauta tsirkiyoyin, ya zare ɗan farin ƙashin nan da suke hawa a kai, wanda masu goge ke kira jaki, ya shimfiɗa sanfefa a kan benci ya dinga goga gindinsa a hankali yana hura ƙurar. Da ya mayar ya miƙo mini, sai na ji kamar an canja mini hannu. Ƙa'idar da ya koya mini ita ce, in kana son tsirkiya ta sauka milimita ɗaya a ƙarfe na 12, milimita biyu za ka rage a jaki. Amma kada ka fara da kanka. Ka nemi masu kaɗa jita a coci-cocin Sabon Gari ko 'yan bandin barikin soja, su ke da wannan hannun, kuma abin da za su karɓa bai kai kuɗin man babur ɗinka na mako ba. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli in wuyan ya lanƙwashe, ita ma su za ka bar wa.

Daga nan sai tsirkiya. Jita ta hannu sau da yawa tana zuwa da tsirkiyar da ta shekara a jikinta, ta yi tsatsa tana yankan fata kamar reza. Ka sayi sabon saiti mai lamba 10, shi ne siriri, ka bar mai lamba 12 sai hannu ya faɗa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kusa kilo 70, na roba kuwa wajen kilo 40, shi ya sa jitar gargajiyar Sifen mai tsirkiyar roba ta fi tausayin ɗan koyo. In wata rana irinta ta shigo hannunka, kada wani ya ruɗe ka ka ɗaura mata ta ƙarfe, jakin zai ɓalle ya bar ka da katako. Akwai kuma dabarar da ba ta cin kuɗi sosai. Ka sauke manhajar saita jita a wayarka, ka sassauta duk tsirkiyoyin su sauka rabin murya, sannan ka maƙala kafo, wato ɗan maƙalin nan da ake matse wuya da shi, a gaɓa ta farko (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafunan wuya). Sautin ya dawo inda yake, amma dannawa ta yi laushi.

Shagon telan ma ina da magana a kansa. Rufin kwano ne na tabbata, ga dutsen guga na gawayi. Zafi yana sassauta gam ɗin da aka haɗa jita da shi. Hunturu kuma ya fi zafi illa. Katakon jita yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a Arewa in buji ya taso sai ya faɗi ƙasa da kashi 20. A lokacin ne fuskar jita ke tsagewa, bakin ƙarafunan wuya su fito suna karce tafin hannu. Fuskar nan kuwa ita ce ran jita. Antonio de Torres, kafintan Almeriya a Sifen wanda ya fitar da siffar jitar da muka sani yau, ya taɓa ƙera wata a 1862 da baya da gefuna na kwali, don kawai ya nuna cewa a fuska sauti yake. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. Maganin hunturu mai sauƙi ne: ka sami gidan sabulu na roba, ka huhhuda murfin, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka rufe a ciki, ka ajiye cikin jakar jitar ka zuge. Duk kwana biyu ko uku ka sake jiƙawa. In damina ta kama sai ka cire.

Ko an gyara jitar ta zama kamar auduga, awa uku ran Asabar ba za su kai ka ko'ina ba, kuma nan ne ainihin ciwon. Fatar kan yatsa tana yin kanta ne in ana taɓa tsirkiya kullum kaɗan-kaɗan. Cikin mako biyu zuwa huɗu sai ta taurara, zafin ya tafi. Kai kuwa kana ƙona ta ran Asabar, ta yi bororo, ta saɓule, ta warke, Asabar ta zagayo ka tarar da sabuwar fata ɗanya shakaf. Wata takwas kana komawa ranar farko. Ka lissafa ma ka gani, Asabar ɗin wata takwas ba su fi talatin da 'yan kai ba. Wanda ke yin minti ashirin kullum ya taɓa jitarsa sau talatin a wata guda. Hannu da maimaici yake haddacewa, kamar yadda almajiri ba ya wanke allo da karatun yini ɗaya a mako. Ga barci ma yana da rabonsa a ciki, abin da ya gagare ka da dare sau da yawa za ka tashi da safe ka tarar ya zauna.

F ɗin nan da ta tsaya maka a wuya, ka ƙyale ta. Ita ce kabarin 'yan koyo a duk duniya, domin tana buƙatar yatsa ɗaya ya danne tsirkiya shida a wurin da ya fi ko'ina tauri. Akwai ƙaramarta. Ka kama C yadda ka saba, ka bar manuniya inda take a gaɓa ta farko ta tsirkiya ta biyu (daga mafi siriri ake fara ƙirgawa), ka sauko da yatsan tsakiya da na zobe kowanne tsirkiya ɗaya ƙasa, ka kaɗa ta huɗu da ta uku da ta biyu kawai. F ce cikakkiya, babu wanda zai kama ka da laifi. Tsayawar da kake yi wajen sauyi kuma, maganinta ka ɗauki kod biyu kacal, Em da G misali, ka sa agogon bugu na waya a bugu 60 a minti, bugu huɗu a nan, huɗu a can. Hannun dama kada ya tsaya ko da na hagu bai iso ba. Gara sauti ya ɗan ƙazantu da a ce kiɗa ya yanke. Ka yanke farcen hagu ƙasa-ƙasa, ka danna daf da bayan ƙarfe, ba tsakiyar gaɓa ba, za ka ga ƙarfin da kake zubawa ya ragu da rabi.

Akwai abin da YouTube ba zai gaya maka ba, don masu koyarwar ba da kunnenka suka tashi ba. Su da kod suke farawa saboda waƙoƙinsu a kan kod aka gina su. Namu kiɗan, na gurmi da garaya da kukuma, layi ɗaya ne yake tafiya yana bin muryar mawaƙi, yawanci a kan sautuka biyar. Sautukan nan suna nan kwance a bakin wuyan jitarka. Tsirkiya ta shida, ka kaɗa ta a sake, wato ba tare da ka danna ta ba, sai gaɓa ta uku. Ta biyar da ta huɗu da ta uku, a sake, sai gaɓa ta biyu. Ta biyu da ta ɗaya, a sake, sai gaɓa ta uku. Shi ke nan. Ka bar babban yatsan dama yana dukan mai kauri kamar ganga, manuniya tana tsinto waƙa a sirara. Ka ɗauki wata waƙar daka ko ta gaɗa da ka ji a bakin Umma tun kana goye, ka lalubo ta da kunne. Na yi maka alkawari za ta fito kafin F ta fito, kuma ranar za ka fara jin kai makaɗi ne.

Haka Ali Farka Ture na Mali ya yi. Da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara. A 1956 ya ga Fodeba Keita na Gini yana kaɗa jita, ya ɗauko abin da hannunsa ya sani ya zuba mata. Bai mallaki tasa ta kansa ba sai 1968, a birnin Sofiya na Bulgeriya ya saya. Shekara goma sha biyu yana kiɗa da ta aro, mutumin da daga baya ya ci kyautar Grammy fiye da sau ɗaya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a nan Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Ka ga ke nan taka ta hannun, da duk aibinta, ta fi abin da waɗannan suka fara da shi nesa ba kusa ba.

Ba ina kushe mai lantarki ba ne. Tun da Leo Fender ya fitar da tasa ta dunƙulallen katako a 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954, ta sauya kiɗan duniya, kuma ita ce muryar Agadas a yau. Tsirkiyarta ta fi laushi, gaskiya ne, kuma in ba a jona ta ba sautinta bai fi raɗa ba. Sai dai ba ita kaɗai ake saya ba. Akwai amfilifaya, akwai waya, akwai wutar da kai ma ka san halinta. Kuma lasifika ba ta da sirri, duk tsirkiyar da ka taɓa bisa kuskure sai ta sanar da unguwa. Tsayawar da kake yi tsakanin C da G za ta bi ka can, ƙara kawai za ta yi. Lokacinta zai zo, da kuɗin gyaran wayarka.

Ka ga duk hanyar da muka bi ta dawo da mu wuri ɗaya. Kana buƙatar minti ashirin kullum, kuma ba za ka same su ba muddin jitar tana gudun hijira. Dole mu zo kan Baba.

Ka lura da kalmar da ya zaɓa. Maroƙi ya ce. Shi a duniyar da ya tashi, kiɗa sana'ar gado ce, mai yinta yana tsayawa ƙofar gidan masu hali yana wasa su a ba shi. Yana tuna majalisarsa, yana tuna ran da za a je nema maka aure a ce ɗan wane ai makaɗi ne, yana tuna ƙannenka mata da abin da za a faɗa a gidajen da za su shiga. Yana kuma ganin shekara uku na kuɗin makaranta da ya zuba. Ni ban yarda da raina makaɗa ba, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Mamman Shata ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba saboda wannan dalilin na roƙo, ga shi a 1988 jami'ar da ke garinku ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Amma kada ka kuskura ka kai wa Baba sunan Shata a matsayin hujja. Zai tambaye ka makaɗa nawa ne suka zama Shata, nawa ne kuma suka tsufa suna yawon gidajen biki, kuma tambayar tasa tana kan hanya. Tsoronsa na uba ne, kuma mutumin da ya ga abin da ba ya so a ƙarƙashin gadon ɗansa bai fasa ba, bai ɗaga murya ba, mutum ne da ake iya zama da shi.

Mai yiwuwa kuma akwai addini a ƙarƙashin maganar, ko da bai furta ba. A nan ba zan yi maka kwana-kwana ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Akwai waɗanda suka halatta, fitacce a cikinsu Ibn Hazm na Andalus. Wannan fili ba na fatawa ba ne. Ka sami malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka tambaye shi da zuciyar mai son sani, kada ka yi ta yawo sai ka dace da wanda zai faɗi abin da kake son ji. In ka ji hujja zuciyarka ta natsu a kan bari, ka bari, ba ka yi asarar komai ba. Shawarata ta jita tana aiki ne in ka tsallake wannan mataki da natsuwa.

Sai Umma. Ɗana, ka ɗora wa baiwar Allah nan kaya. Duk Asabar sai ta shirya wa mijinta magana saboda kai. Ran da abin ya fito, kuma zai fito, kai ɗa ne, za a yi fushi da kai a huce. Ita za a kalla a ce da ke aka haɗa baki. Ko don ita kaɗai ya isa ka kawo ƙarshen ɓoyon nan. Ka fara da ita, ka ba ta haƙuri, ka gaya mata kana son ka fuskanci Baba, ka tambaye ta wa yake jin maganarsa. Ta fi kowa sani. Kowane dattijo yana da mutum ɗaya, wa ne ko amini ko ƙanwar da yake ji da ita, wanda in ya ce "Alhaji, a duba," sai a duba.

Vieux, ɗan Ali Farka Ture, ta wannan hanyar ya bi. Uban da duniya ta san shi da jita shi ne ya hana ɗansa, ya fi so ya shiga soja, saboda ya ɗanɗani wahalar sana'ar da cutar da ake yi a cikinta. Yaron ya koya a ɓoye. Marigayi Tumani Jabate, gwanin kora, kayan kiɗan Mali mai tsirkiyoyi da yawa, kuma aminin uban, shi ya shiga tsakani har aka sa albarka, kuma kafin Ali ya rasu a 2006 sai da ya kaɗa a faifan ɗan nasa na farko. Ka nemo naka Tumanin.

In an zauna, ka fara da laifinka kafin buƙatarka. Ka ce, Baba, ka ce kada ka sake ganinta, na fitar da ita daga gida amma ban rabu da ita ba, na ɓoye maka, ka yafe mini. Ka ajiye takardar sakamakon jarrabawarka da rasit ɗin kuɗin makaranta a gabansa. Sannan ka faɗi abin da kake roƙo, kuma ya zama ƙarami: minti ashirin a rana, ba lokacin salla ba, ba lokacin karatu ba, ba gidan biki, ba karɓar liƙi, ba wasa kowa. Ka ba shi wuƙa da nama, ka ce in sakamakonka ya sauka zango ɗaya, shi da kansa ya ɗauke ta. In ya ce ba a gidansa ba, ka karɓa da hannu biyu, ka nemi izinin ajiye ta wajen aboki kusa da makaranta kana biyawa bayan lacca. Kullum ɗin muke nema, ba lallai sai a ɗakinka ba. Kuma kada ka matsa sai ya amsa a zaman farko. Dattawa ba sa son a ga sun sauko nan take. Shirunsa ma, in bai ce a'a ba, amsa ce.

In kuwa ya ce a'a ƙarara, zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Kana cin tuwonsa, kana kwana ƙarƙashin rufinsa, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ka gama. Ka sassauta tsirkiyoyin, ka ba wani amintacce ajiya a ɗaki mai sanyi, ka gama karatunka. Jita ba ƙwallon ƙafa ba ce da shekaru ke korar mutum, na san waɗanda suka fara bayan sun yi arba'in kuma suna jin daɗinsu. In ka kama aikinka da ɗakinka, sai a sake buɗe maganar a matsayin manya biyu. Kwanciyar hankalin da ka ce sai da ita kake samu kuma, ita ma ina son ka duba ta. In akwai abin da ke cin ranka wanda jitar ke rufewa, ka gaya wa Umma ko wani da ka yarda da shi, kada ka bar wa katako shi kaɗai.

Liyafar sashenku fa? A zauren nan kowa da waya a hannu. Kafin ka sauko daga dandamali bidiyonka ya shiga WhatsApp, kafin asuba wani ɗan uwa mai son a sani ya tura wa Baba. Mafi munin hanyar da zai ji ke nan. Saboda haka in ba a yi zaman nan ba, ko an yi bai amince da fita gaban jama'a ba, ka je ka sami ɗan ajinku tun wannan makon ka ce ya cire sunanka. Yana da mako shida ya nemi wani, ba ka cuce shi ba. Shi ma ba mugu ba ne, ɗoki ne irin na masu ƙungiya, kullum suna neman hannu. Ka ce masa kana so ka riƙa zuwa wajen gwajinsu kana kallo, za ka ƙaru da wannan fiye da bidiyo ɗari.

In Allah ya sa Baba ya yi maka izini har da wasan, to waƙa ɗaya tak, mai kod uku da ka riga ka iya, kai a baya kana riƙe bugu, wani yana gaba. Ka aro mai lantarkin a wajensu, ka yi gwaji da ita aƙalla sau uku kafin ranar, kuma a tsaye da maɗauri a kafaɗa, don wanda ya saba kiɗa a zaune in ya miƙe sai ya nemi yatsunsa ya rasa. Ka kaɗa wa telan da masu jiran ɗinki ita sau goma, su ne 'yan kallonka na farko, kuma ba sa jin kunyar dariya. Ka saita tsirkiya daf da hawa. Hannunka zai yi gumi, ƙafarka za ta yi rawa, za ka so ka yi sauri, ka sa kunne ga mai ganga ka bi shi. In ka yi kuskure kada ka tsaya, kada ka yatsine fuska, yawancin zauren ba su ji ba.

Asabar ɗin nan dai ka tafi da katunan da gidan sabulun, ka roƙi telan ya matsar da ita nesa da dutsen guga. A hanyar dawowa ka tsaya ɗakin Umma. Ka rubuto mini ka gaya mini kati nawa suka shiga, da sunan da ta ba ka.

Kawunku